Barandar Daddawar Gil-rye

Likita ya ce gwiwoyin Gil-rye ba za su ƙara jure sanyin buɗaɗɗiyar baranda ba. Ɗanta Tae-gon ya taso daga birnin Daegu da hotuna biyu: ɗakin gilashi mai tara ɗumin rana, da baranda mai ragar sauro kawai. Tun a mota ya gama zaɓa mata gilashin. Tsoronsa kada sanyi ya kwantar da ita a kwashe ta zuwa birni, ita kuwa ta rantse sai dai gawarta.

"Umma, dubi na gilashin. Ki zauna ki miƙe ƙafa, ƙanƙara na zuba a waje ba ruwanki."

"Ni tumatir ce da za a rufe ni a gilashi?"

"Umma, don Allah."

Tsohuwar ba ta iya doguwar gardama ba, aiki ta iya. Ta dogara sanda ta shiga ɗaki, ta fito da curin daddawar waken soya guda biyu, ta dangwara masa a cinya.

"Shinshina."

Na farko busasshe ne, da farin gashi-gashi a jikinsa, ƙamshinsa na miyar da ya tashi da ita. Na biyu baƙi, ya yi gumi, sai da Tae-gon ya kawar da kai.

"Wannan na rataya a nan baranda, iska ta busa shi. Wancan na kai ɗakin gilashin maƙwabciyata tun bara, don na san wata rana za ka zo min da hoto."

Tae-gon ya sake duban curin biyu. Shekara guda ke nan da ta riga shi, shi da yake taƙama da digirin injiniya. Kunya ta kama shi, alfahari da uwarsa kuma ya fi kunyar yawa.

"To gwiwoyin fa?"

"Gwiwa ta zauna a ɗaki, ƙasan ai da ɗumi. Daddawa ce ke son baranda. Abu ɗaya ne, hannuna ya daina kaiwa rufi. Curi arba'in ne, da igiyar karan shinkafa ake ɗaure su, kuma baƙo ba ya taɓa min."

Ya ɗaga kai ya dubi ƙusoshin da ke jere a katakon rufin.

"Raga za a sa," in ji shi. "Wane wata ake ratayawa?"

"Kai da ka ci ta shekara hamsin ba ka sani ba? Tashi ka ɗauko tsani in koya maka ƙullin."