Tukunyar da Ba a Mayarwa

"Ba zan bayar ba," in ji Pang mai awara, yana tsaye tsakanin Suyun da tagar da tukunyar take kai. "Ban gama da ita ba. Ba ki ji yadda nake tari ba?"

Ya dafe ƙirji ya ƙaƙaro tari, irin tarin da ko kajin lungun ba za su yarda da shi ba.

"Kawu Pang, tarin nan naka tun kafin sabuwar shekara ya tafi," Suyun ta ce. "Mama ce ta aiko ni. Ta ƙi shan maganin da na dafa mata a tukunyar lantarki, wai ƙarfe take ji a bakinta. Tukunyarta take so."

"To, ta zo ta ɗauka."

"Ka fi kowa sanin ba ta iya sauka daga gado."

"Za ta iya. Ki ce mata Ƙaramin Pang ya ce in tana son kayanta ta tako da ƙafarta, yadda ta saba."

Pang ya kusa shekara saba'in, kansa ya yi fari kamar awarar da yake sayarwa, amma Kaka Rong, mahaifiyar Suyun, ba ta taɓa kiransa da wani suna ba sai Ƙaramin Pang, tun ranar da ya shigo lungun yana saurayi da dutsen niƙa a baro. Ƙofarsa na kallon tata. Lungun kuwa matsattse ne, ya gangara har bakin kogi, in ka yi atishawa a ɗakinka maƙwabcinka zai ce maka ka ƙara riga. A haka suka tsufa, yau faɗa gobe aron gishiri. Ta ce ruwan wakensa na wari, ya ce hayaƙin saiwoyinta na kore masa masu saye. Zo mu zauna dai, zo mu saɓa.

Ita ba likita ba ce, ba ta kuma taɓa cewa ita ce ba. Abin da ta sani shi ne ƙananan ciwukan da ke bin mutum kullum. Mura ta kama ka, ta ba ka citta da mazarƙwaila. Tari ya ƙi tafiya, ta ciro busasshen ɓawon lemo wanda ya yi shekara da shekaru a tulu har ya yi baƙi. Gwiwa na ciwo, ta ba ka ƙullin tazargade ka tafasa ka tsoma ƙafa. Sannan ta ara maka tukunyarta, wata baƙar tukunyar ƙasa mai hannu ɗaya da ɗan baki, wadda ta sha magani har in ka zuba ruwa zalla ka tafasa sai ya fito da ɗaci.

Wanda ya ari tukunyar magani ba ya mayar da ita. Ka kai wa mutum tukunyar magani har gida, ciwo ka kai masa. Mai ita ne yake zuwa ya ɗauki abinsa in marar lafiya ya miƙe. Kaka Rong kuwa ba ta aike, da kanta take zuwa. Za ta shigo ba sallama, ta kama wuyan hannunka da yatsu uku, ta ce ka fito da harshe, ta ɗan zage ka, sannan ta rungumi tukunyarta ta fita. A lungun nan ba a cewa wane ya warke, sai dai a ce Kaka Rong ta je ɗaukar tukunya.

A lokacin sanyin da ya wuce Pang ya ara, don tari. Kafin ta zo ɗauka ta faɗi a bakin rijiya, tun daga nan ba ta sake taka ƙasa ba. Likitan asibitin gari ya ce zuciyarta ta gaji, a kai ta gida ta huta. 'Yarta Suyun ta ajiye aikinta a birni ta dawo jinya.

Pang ya san Suyun 'yar gida ce, tana da ikon ɗaukar tukunyar uwarta. Amma ya riga ya ƙulla wani abu a ransa wanda bai gaya wa kowa ba. Matuƙar tukunyar nan tana tagarsa, to Kaka Rong tana da sauran tafiya ɗaya a gabanta, ita kuwa ba ta taɓa barin aiki a rabi ba. In ya miƙa wa Suyun tukunyar, me ya rage da zai tayar da tsohuwar daga gado? Tsoro yake ji, tsoro sosai, shi ya sa yake tarin ƙarya.

"Kawo ƙullin maganin," ya ce da Suyun a ƙarshe. "Ni zan dafa a nan. Kwano ai ana kaiwa."

Haka aka koma yi. Kowace safiya, bayan ya tace madarar wakensa, sai ya hura gawayi a ƙaramin murhu bakin ƙofa, ya jiƙa saiwoyin, ya zuba ruwa kwano uku ya zauna jiran su koma ɗaya. Hazon kogi kan hauro lungun a wannan lokacin, ya haɗu da tururin awara da tururin magani, har mutum ya rasa inda ɗaya ya ƙare ɗaya ya fara. Mutane su wuce kamar ba sa taka ƙasa, ka ji ƙararrawar keke amma ba ka ga keken ba. Pang na fifita wuta, wani lokacin sai ya ga kamar shekarun ne suka narke, yana ganin Rong tana matashiya da Suyun goye a baya tana shanya ɓawon lemo a kan faifai, matarsa marigayiya na gefe tana taya ta suna yi masa dariya.

"Ƙaramin Pang." Muryar ta fito ta tagar da aka jawo gadonta kusa da ita, siririya amma ba ta rasa kaifinta ba. "Wutarka ta yi yawa."

"Yaya Rong, daga kwance kike ganin wutata?"

"Hancina ba a kwance yake ba. Magani kake dafawa, ba abincin alade ba. Rage gawayi."

Ya rage. In ya kai mata kwanon, sai ta kurɓa ta yamutsa fuska ta ce an ɓata mata saiwa mai kyau, amma takan shanye tas. Suyun ta ce rabon da ta ga uwarta ta gama wani abu a kwano tun daga asibiti.

Akwai kuma maganar ragowar saiwoyi da ganyen da aka dafa. Ba a zubar da su a bola. A tsakiyar hanya ake watsa su, don masu wucewa su taka su tafi da ciwon a tafin ƙafa, kowa ya ɗauki kaɗan har ya ƙare. Sai dai 'yan lungu sun san ta kan tsiya, kowa ya hango baƙin tarin ganye a kan daɓen dutse sai ya raɓe ta jikin bango. Baƙo ake fata, baƙo kuwa me zai kawo shi lungun da bai kai ko'ina ba sai kogi? Pang ya zuba ido kwana da kwanaki, ganyen na bushewa ba sawu ko ɗaya a kai.

Wata safiya sai ya ɗauki sandar tallansa, ya rataya tiren awara gaba da baya, ya bi ta kan ganyen. Ya kai bakin lungu ya tuna wai ya manta wuƙa, ya dawo ta kai. Ya sake fita, ya sake mantuwa.

"Kai, tsohon banza." Tagar ta yi magana. "Me kake takawa?"

"Hanya nake takawa. Ta gidanku ce?"

"Ciwon tsohuwa za ka kwasa ka kai ina? Kai da ko murar kirki ba ka iya ɗauka sai ka kwanta kana kiran uwarka."

"Takalmina mai kaurin ƙasa ne."

Da ya ɗaga kai sai ya ga ta juya fuskarta bango. Daga ranar bai fasa takawa ba, ita kuma ba ta sake hana shi ba.

Bazara ta shigo, itacen lemon bayan gidanta ya yi fure, ƙamshin ya cika lungu. Muryar da ke tagar kuwa kullum raguwa take. Wata rana ba ta ce komai a kan wuta ba, ko da yake Pang da gangan ya cika gawayi. Kwanon ya fara dawowa da rabi, daga baya ya dawo kamar yadda aka kai shi. Pang ya ƙara ƙarfin tarinsa, yana yi yana fuskantar tagarta, don ta ji cewa har yanzu akwai marar lafiya da ke riƙe mata da kaya.

Ranar da abin ya faru hazo ya fi na kullum kauri. Pang na durƙushe yana hura wuta sai ya ji ƙofar gaba ta yi ƙara. Ya ɗago. Cikin farin hazon ya ga mutum biyu sun fito, ɗaya ta rungume ɗaya. Kaka Rong ce, sanye da shuɗiyar rigarta ta zuwa biki, an taje mata gashi an soke da tsinke. Ƙafafunta na jan ƙasa cikin takalmin yadi, Suyun na ɗauke da kusan dukkan nauyinta, tana kuka ba sauti. Suka ratsa lungun a hankali, ta kan ganyen jiya da ya taka.

Zuciyar Pang ta yi tsalle don murna. Ga ta nan, ta tashi, dabararsa ta ci. Sai da ta iso dokin ƙofarsa ya ga fuskarta da kyau, ya ga rigar da ta zaɓa, murnar ta zube masa a ciki kamar an kifar da kwano.

"Kawo hannu," ta ce.

Ya miƙa. Yatsunta uku suka sauka a wuyan hannunsa, sanyi ƙalau, ba nauyi. Ta lumshe ido ta daɗe tana sauraro.

"Harshe."

Ya fito da shi, tsoho da furfura, a tsakiyar ƙofa.

"Yi tarin in ji."

Ya buɗe baki, tarin ya ƙi zuwa.

"Maƙaryaci," ta ce a hankali. "Ka warke tun tuni. Ka zaci zan tafi in bar tukunyar ciwo a gidanka, a ce Rong ta bar mutum bai miƙe ba? Miƙo min kayana."

"Yaya Rong, ki bar ta zuwa gobe. Ban wanke ta ba."

"Yaushe aka taɓa wanke ta? Miƙo."

Ya ɗauko ta daga taga da hannu biyu ya sa mata a ƙirji. Ta rungume ta yadda ta saba. Suyun ta juya da ita, har sun taka sai tsohuwar ta tsaya.

"Ka daina tsayawa a iska da jiƙaƙƙiyar riga," ta ce ba tare da ta waiwayo ba. "Kuma awararka ta jiya ta yi tsami."

Hazo ya rufe su tun kafin su kai ƙofar. Da rana ta take, lokacin da hazon ya janye kogi ya fito fili, Suyun ta leƙo ta tagar ta kira shi sau ɗaya. Bai tambaye ta komai ba, ya sauke tukunyar waken daga wuta ya tsallaka.

Aka yi makoki, lungu ya cika da fararen kaya da hayaƙin turaren tsinke. Pang ya yi awarar da aka ciyar da masu zuwa gaisuwa, bai bar kowa ya taya shi niƙa ba. Da aka watse, sai ya zamana ba abin da yake gani a ɗakinsa sai baƙar da'irar da gindin tukunyar ya bari a kan katakon taga. Ya sa tsumma zai goge, ya fasa.

Ranar da Suyun za ta koma birni ta tsaya a ƙofarsa da jakarta, hannunta ɗaya ba komai.

"Kawu, tukunyar tana kan murhun Mama. Ba zan kawo maka ba, ka san ba a kawowa." Ta gyara igiyar jakar a kafaɗa. "Ban kulle ƙofar ba. Kuma tarin da na ji kana yi da asuba, wannan na gaske ne."

Ya raka ta bakin lungu ya dawo. Ya daɗe a tsaye a tsakiyar hanya, inda ruwan sama ya riga ya wanke sauran ganyen. Sannan ya tura ƙofar gaba. Ɗakin na nan da ƙamshinsa na citta da tsohon ɓawon lemo, an naɗe katifa, hasken taga ya kwanta a kan allon gadon.

"Yaya Rong," ya ce daga bakin ƙofa, "na zo aron tukunya."

Ya ɗan jira, kamar yadda ake jira. Sannan ya shiga ya ɗauke ta, ya tsallaka lungun da ita a ƙirji, ya ɗora ta a taga daidai kan baƙar da'irar. Ya jawo kujera ya zauna yana yanka citta, ƙofarsa a buɗe, hazon yamma na haurowa daga kogi.