Turaren Hindou

Lado mutum ne mai gardama, amma asma ba ta sauraron gardama. Tun da ta kayar da shi wurin kwaɓa siminti a unguwar Hajara ta garin Sabha, inda yake ci-rani, ya yi laushi, ya yarda aka saka masa manhaja a waya. Kowace safiya sai ya hura wani ɗan bututu, ya aika lambar da ta fito. Can Damagaram wata malamar asibiti, Djamilatou, ke dubawa ta ba shi shawara.

Abin da ya ɗaure mata kai, ba ranakun aiki numfashinsa ke lalacewa ba, sai wayewar Asabar, bayan hutun Juma'a. Ta kira shi ta bidiyo.

"Malam Lado, juya talhon in ga ɗakin."

Ya juya yana gunaguni. Katifa, buta, jaka a ƙusa, sai ɗan kasko kusa da matashi.

"Wancan fa?"

Ya sosa ƙeya. Matarsa Hindou ke haɗa turaren wuta da hannunta, ta ba direbobi su kawo masa har Sabha. Duk Juma'a in ya dawo masallaci, sai ya rufe ƙofa da taga, ya barbaɗa a garwashi ya kwanta. Waya tana kawo masa muryarta, har da fuskarta. Ƙamshin ɗakinta ne ya gagari waya, kuma shi ya fi kewa.

"Hayaƙin nan ke shaƙe ka," in ji Djamilatou. "Wata rana zai kama ka, hannunka bai kai ga maganinka na shaƙa ba."

"Malama, ɗan kaɗan ne fa."

"Huhunka bai san kaɗan ba."

Juma'ar da ta biyo ya bar taga a buɗe, ya naɗe kwalbar turaren cikin tsohuwar riga. Ɗakin ya koma warin siminti da takalma. Lambar Asabar ta yi kyau, malama ta turo masa barka, shi kuwa ko murmushi bai yi ba.

Ana nan Hindou ta kira, murya cike da ɗoki.

"Maigida, akwai direban da zai taso. Na haɗa maka sabo, ya jiƙu sosai. Wancan ya ƙare ko?"

Lado ya ja numfashi, ya shiga har ƙasan ƙirji ba tare da shessheƙa ba. Ya san gaskiya za ta sa ta kuka.

"Saura kaɗan," ya ce. "Aiko."