Talmasa da Ɗanta

A Mirissa, garinmu na bakin teku, in ka hango feshin numfashin talmasa, ƙatuwar dabbar ruwan nan mai kama da kifi, a teku, dole ka ɗauki rediyo ka sanar da sauran jirage. Haka aka gada tun zamanin kamun kifi, kafin baƙi su fara zuwa kallon waɗannan manyan halittu masu shayar da 'ya'ya, da wata ta fi jirginmu tsawo. Wanda ya gani ya ɓoye, ranar da injinsa ya mutu a tsakiyar ruwa ba mai amsa masa. Babana, Piyatissa, bai taɓa ɓoyewa ba. Ni ce 'yarsa Sewwandi, ni ke raba wa baƙi shayi da ledar amai, aikin da ko sannu ba a yi mini.

Rannan da hantsi mu muka fara hango talmasa. Feshi dogo ya tashi, sai wani ɗan guntu a gefensa. Baba ya kashe inji. Uwa ce da jariri, sabon haihuwa, ko numfashin kirki bai iya ba, sai ta tallafo shi da kai yake shaƙar iska. Baƙin nan masu surutun tsiya duk suka zuba musu ido.

Na ga hannun Baba ya nufi rediyo, na riƙe shi.

"Baba, na roƙe ka, yau kaɗai. Ka san yadda suke tuƙi. Za su kashe shi."

"Sakar min hannu."

"Ka ce ba ka ga komai ba mana!"

"In yi wa 'yan'uwana ƙarya? Yayanki yana can nesa da jirgin kamun kifi. In ya yi kira gobe, wa kike so ya amsa masa, talmasa?"

Gaskiya ya faɗa, kuma abin da ya ƙara ƙona mini rai ke nan. Ya danna rediyon, ya faɗi wurin. Ya ce, "Akwai jariri. Ku zo a hankali, ku tsaya nesa."

Muryar ƙaninsa, Baffa Jinadasa, ta fito da dariya. "Yaya, yaushe ka zama ungozoma? Ga mu nan!"

Suka zo kuwa, a guje, kowa na so baƙinsa su riga ɗaukar hoto. A hankali? Ina! Hayaƙi, ƙarar inji, ihu. Suka yi musu zobe. Uwar ta nutse, jaririn ya bi ta, amma ƙirjinsa bai kai nata ba. Ya taso shi kaɗai, a ruɗe, daidai lokacin da Baffa ya yanko ta tsakiya don ya sha gaban wani jirgi.

Na ji ƙarar tun daga inda nake, irin ta sara a ɗanyen icce. Ruwa ya yi ja. Wata baƙuwa ta ƙwalla ƙara, wasu kuwa ba su ma sauke wayoyinsu ba. Uwar ta taso ta shiga ƙarƙashinsa, ta ɗaga shi sama. Ya zame, ta sake ɗagawa. Muna kallo feshinsa ya yi ta raguwa har ya daina fita.

Baba ya tuƙo mu har gaɓa. Ina jin haushinsa, ina jin tausayinsa, na rasa wanda ya fi.

Da yamma sai ga Baffa a ƙofar gida, riƙe da ƙaton kifi ta wutsiya, tukuicin wanda ya yi kira. Ya ajiye a gaban Baba, ya zauna yana ɓare goron da suke taunawa da ganye.

"Tsautsayi ne, Yaya. Farfelata ma ta lanƙwashe. Ke Sewwandi, wannan fuska fa? Mijinki ne ya mutu?"

"Ɗan wata ne ya mutu, Baffa."

"To, ke lauyarta ce?" Ya juya ga Baba. "Amma albishirinka. Masu dawowa daga kamun kifi sun ce tana nan inda muka bar ta, tana ta tura gawar. Irin wannan ba ta barin wurin sai ya ruɓe. Kwana da kwanaki ba sai mun ƙona mai muna yawon nema ba. Gobe kowa zai cika jirgi."

Baba ya daɗe yana kallon kifin. Na zaci zai wurgar da shi waje, har na matsa don in ba shi hanya. Sai ya ɗauka da hannu bibbiyu, ya miƙo mini.

"Kai wa uwarki ta dafa," ya ce, bai dube ni ba. "Ki kuma shirya kofunan shayi. Gobe ke za ki gaya wa baƙi wasa take yi da ɗanta."