Jakin Talabijin

"Sake faɗa in ji! Ehem-ehem! Na ce ki sake faɗa. Ni fa ba na son shirme!"

Ɗana Injiniya ke nan, ma'aikacin hukumar ruwa, tsaye a tsakiyar falo, takalmi ɗaya a ƙafa, ɗayan a hannu, don ko gama cirewa bai yi ba labarin ya tare shi. 'Yarsa ta fari na durƙushe a gefen kujera. Ni na raɗa mata Aku tun tana ƙarama, saboda duk wanda ya yi magana a gabanta sai ta maido masa da muryarsa, har da tarin.

"Baba, na ajiye aikin lauya," in ji ta. "Tun kafin damina."

Surukata ta dafe ƙirji kamar yanzu ta fara ji, alhali ni na gaya mata da safe. Ni kuwa a bakin mai wanki na tsinta. Ya ce baƙar rigar kotun nan ta daina zuwa wurinsa, kuma kullum yana ganin yarinyar tana hawa benen da ke saman shagon takalma. Surukata kaɗai na faɗa wa, na ce ta riƙe a cikinta. Yadda aka yi ya isa kunnen mijinta, Allah masani.

"To me kike yi a saman shagon takalma? Dukanci kika koma?"

"Murya nake yi, Baba."

"Murya! Waƙa?"

"A'a, zane-zanen nan masu motsi da yara ke kallo. Akwai wani ɗan ɗaki, an manne bangonsa da soso, ko taga babu. Dabbobin suna motsa baki a allo, ni kuma in sa musu magana."

Takalmin ya suɓuce daga hannunsa. Ya yi salati, ya sake yi.

"Na kai ki makaranta ki tsaya gaban alƙali, shi ne kika koma yi wa awaki tafinta? Gobe da safe ki koma ofishin nan ki ba su haƙuri. In ba haka ba, ki nemi wani uban."

Surukata ta fasa kuka. Ni kuwa na san halinsa, tun yana yaro in ya kafe, ko ni da na haife shi ba na iya tanƙwara shi.

Aku ta ɗago kai a hankali. "Baba, ai kana kallon aikina."

Akwai wani shirin dabbobin gona da ake sawa da yamma. Injiniya yakan buɗe jarida ya kare fuska wai karatu yake, idanunsa kuwa suna leƙe ta sama. Gwaninsa wani tsohon jaki ne mai faɗa, wanda ke bin kowa da masifa kan ɓarnar ruwa. Ya sha cewa duk talabijin ɗin nan jakin kaɗai ne mai hankali. Ni ma ina kallo, sai dai akwai wata kaza munafuka da na tsana, mai leƙa kowane akurki tana kwasar magana. Sau nawa ina cewa da tawa ce da tuni na sa an yanka ta.

"Ni ce jakin," in ji Aku.

Bakinsa ya buɗe, ya ƙi rufuwa. "Ke? Jakin nan fa namiji ne."

"Ni ce, Baba."

Wallahi na ga fuskarsa ta fara saki. Ya zauna a hannun kujera. "Ƙarya kike. Yi in ji."

Yarinyar ta dubi uwarta. Na ce, "Yi masa mana, ƙawata, me kike jira?"

Ta miƙe, ta turo ciki gaba, ta goya hannu a baya.

"Ehem-ehem! Wa ya bar famfo yana zuba? Ni fa ba na son shirme!"

A talabijin kunnuwan jakin ne ke ɗauke wa mutum hankali. Yau da babu kunnuwa babu wutsiya, sai ga Injiniya biyu a ɗaki ɗaya, ɗaya a zaune, ɗaya a tsaye da ɗankwali. Surukata da ke kuka ta cusa gefen mayafi a baki, kafaɗunta na rawa.

"Shi ya sa," in ji shi, muryarsa can ƙasa. "Shi ya sa in na shiga ofis yara ke cewa, 'Yallaɓai, an rufe famfo,' su sunkuyar da kai. Ni kika mayar jaki? A gaban duniya?"

"Baba, shi yara suka fi so. Iyaye har kira suke, wai 'ya'yansu sun daina barin ruwa yana zuba."

"Fita ki ba ni wuri!" Ya yunƙura zai tashi, yana nuna ƙofa.

Nan na ga abin ya wuce wasa, na dogara sandata na shiga tsakani.

"Kai, zauna! Murya ta ara, ba hanci ta yanke maka ba. Yarinya Allah ya ba ta abu tun tana goye, ta samu inda ake nemansa, sai ka kore ta a kan jakin zane? Ƙato da kai, da furfurarka! Ni dai ban ce komai ba, amma in maƙwabta suka ji..."

Sai na ga ya tsaya cak. Ya dube ni, ya dubi Aku. Ita kuwa ta kafa wa tabarma ido kamar ta ga allura.

"Ke," ya ce, "kazar nan fa? Wa ke yin ta?"

"Baba, don Allah..."

"Yi ta. Yi ta yanzu a nan, ni kuma in bar ki da aikinki."

"Baba, Kaka fa tana..."

"Ko kaza, ko kotu. Zaɓi."

Jikar da na goya, na tauna wa abinci! Ta dube ni da ido kamar mai neman gafara, sannan ta ranƙwafa, ta kare baki da tafin hannu, ta waiga dama da hagu.

"Ke 'yar nan, matso ki ji. Riƙe a cikinki fa. Ni dai ban ce komai ba!"

Har da ɗan fiton da ke fita ta gurbin haƙorina. Ban san lokacin da na taɓa bakina ba. Ashe kazar da nake cewa a yanka, ni ce.

Injiniya ya zame daga hannun kujera ya faɗi ƙasa. Mutumin da rabon da in ga haƙoransa tun yana saurayi, ga shi yana dukan tabarma, hawaye na zuba.

"Inna, murya ta ara!" yake cewa. "Ba hanci ta yanke miki ba! Ke Aku, je ki aikinki, Allah ya yi albarka. Kazar nan kada a taɓa ta!"

Na ja mayafina, na nemi takalmina ɗaya a ƙarƙashin kujera.

"Kaka, ina za ki?"

"Inda ake ganin girmana, 'yar banza mai bakin aku!"

Na fita na maka musu ƙofar, sai da labule ya faɗo.