Fitsarin Kyalla

A daminar 1994 katangar bayan ɗakina ta zube a kan Kyalla, akuyata. Da maƙwabta suka tono ta, kai lafiya, ƙafafun gaba lafiya, na baya kuwa jan su take kamar tsumma. Kwana biyu tana cin dusa tana shan ruwa, amma ko ɗigon fitsari babu. Mara ta kumbura tim.

Kakar kakarta na saɓo a kafaɗa ranar da ruwan madatsar Tiga ya tashe mu daga garinmu aka zube mu nan gefen Bebeji. 'Ya'yana biyu suna gidajen mazansu, ɗaya a Kano, ɗaya a Doguwa. Maigidana Inusa shekararsa shida da rasuwa. In na yi magana a gidan nan, Kyalla kaɗai ke ɗaga kai.

Mainasara mahauci, wanda ke jiyo dabba marar lafiya tun daga kasuwa, ya yi sallama da wuƙa a ƙugu.

"Iya Barakatu, a yanka ta tun da sauran ranta. In ta zama mushe kin yi asara biyu."

"Na ji. Ka gaida gida."

Na taka har ruga, inda Rufa'i malamin dabbobi yake yi wa shanu allura, na taho da shi. Ya tsikari wutsiyarta, ko gezau.

"Laka ce ta taɓu, Iya," in ji shi. "In mafitsara ta cika, takan aika saƙo ta cikin laka zuwa ƙwaƙwalwa, umarni ya dawo ta saki. Akwai wani sinadari, gulutamet, da jijiyoyi ke miƙa wa juna saƙon da shi, kowace da 'yan ƙofofin da ke karɓarsa. Malaminmu a Zariya ya ce ana ta gwada abin a kan ɓeraye. Yanzu hanya ta yanke. Amma wani lokaci lakar da ke ƙasa da raunin takan koyi aikin ita kaɗai. Sati uku ko huɗu, in an dinga matse mata mara ba fashi."

Ya durƙusa zai nuna mini. Na ture hannunsa, na ɗora tsumman ruwan ɗumi, na tallafi marar da tafukan hannuna na danna a hankali. Fitsari ya zubo.

"Wa ya koya miki?"

Na ci gaba da dannawa. Daga kan ɗorawa Inusa ya faɗo, shi ma daga ƙugu zuwa ƙasa ba ya jin komai. Haka na dinga yi masa, fuskarsa na kallon bango don kunya. A rana ta goma sha tara zazzaɓi ya tafi da shi. Lokacin ba wanda ya ce mini laka tana koyon wani abu.

Sau huɗu a rana nake matse Kyalla, kowace rana ina jan layi ɗaya da gawayi a jikin rumbu. Mainasara bai fasa leƙowa ba, yana tambayar mai jiki idonsa a kan cinyarta. Mata suka ce Barakatu ta zama ungozomar akuya. Su faɗa. Da layin ya kai goma sha tara ban iya cin abinci ba.

Ranar ashirin da biyu, bayan la'asar, ina tsaye kusa da ita ina jiran ruwa ya yi ɗumi, sai na ji wani ɗumin a kan ƙafata. Ban taɓa ta ba. Ita da kanta take yin fitsarin, tana tuƙa, ko a jikinta.

Na yi dariya, na waiwaya in faɗa wa wani. Tsakar gida ba kowa sai tukunya a kan murhu. Kewar Inusa ta danne ni har sai da na zauna a ƙasa. Na dubi layukan gawayi na ƙirga, duk da na san amsar. Kwana uku ne tsakanin ranar Inusa da tata.

Ban wanke ƙafar ba sai da aka kira magariba.