Kwalba Mai Jan Murfi

Likita mijinta yake kiranta don tsokana, alhali allurar da ta sani ta keken ɗinki ce kawai. Ita ce dai mai auna gishirin gidan, mai tashin kowa da kofin ruwan ɗumi. Da mijin, direban bas, ya fara dawowa a galabaice yana ture abinci, ba ta ga abin zuwa asibiti ba. Ta ce bitamin ne ya yi masa ƙaranci.

Ta daɗe a kyamis tana jujjuya kwalabe, har mai kyamis ya gaji ya nemi kujera. Mai ɗanɗanon lemo ta yara ce, mai hoton ƙato da damatsa kuwa ƙarya ce tsagwaronta. Ta ɗauki mai jan murfi, ta magidanta.

Mai kyamis ya ce, "Baiwar Allah, in fitsari ya yi rawaya kada ku tsorata. Aikin ƙwayar ne."

Ta kuwa riƙe maganar nan gam. Kullum da safe ƙwaya ɗaya a gefen kofin mijin, tana tsaye a kansa sai ya haɗiye.

"Likita, fitsarin nan fa ya canza," ya ce mata wata rana.

"Aikin ƙwayar ne, maigida."

Aka kwana biyu ya sake magana, wai yanzu ya koma kamar baƙin shayi. Ko kai ba ta ɗago daga ɗinkinta ba, ta maimaita masa. Ita ce ma ta rage masa ƙugun wanduna, tana murna tumbi ya sauka. Ƙaramin sani ƙuƙumi ne, ga shi kuma mutumin ya yarda da ita fiye da idonsa.

Yayarsa ce ta zo gaisuwa, ta ja shi bakin taga ta buɗe masa ido da yatsa. Farin idon ya zama rawaya. Salati kawai ta yi.

A asibiti likitan gaske ya daɗe yana duba hoton cikinsa da aka ɗauka. Ya ce hanta ce, kuma abin ya yi nisa. Da an zo da wuri da akwai abin yi.

"Tun yaushe fitsarin ya yi duhu? Ba wanda ya sani a gida?"

Yayar ta juyo ta zuba wa matar ido. Tsoro da kunya suka rufe ta, ta buɗe baki za ta faɗi gaskiya.

"Ban gaya wa kowa ba," in ji mijin. "Ni na ɓoye."

Washegari ta kawo masa ruwan ɗumi, ba komai a gefen kofin. Ya miƙo hannun da ya rame.

"Likita, ina ƙwayata?"

Ta ɗauko kwalbar. Ta kasa murɗe murfin, sai shi ya karɓa ya buɗe.