Dashe Dubu Tara

Mai Dashe da dashe yake ƙirga kuɗi. Shekara ashirin yana sayar da ƙananan itatuwa cikin leda a bakin titi, don haka da 'yarsa Auta ta miƙo masa takardar kuɗin jami'a, nan take ya juya lissafin a kansa: dashe dubu tara kafin ta gama shekara huɗu. Ba kuma zai yiwu ba sai ya sayar da rabin filinsa, ɓangaren da rijiya take.

"Karatun me kika ce?"

"Tsara muhalli, Baba. Inda titi zai bi, inda za a sa bishiya, inda ruwa zai wuce."

"Bishiya? Ni da ban taɓa shiga aji ba, bishiya nake sawa tun ba a haife ki ba. In kin gama nawa za a biya ki?"

"Ya danganta."

Kalmar nan ta ƙona masa rai. Ya tambayi ƙaninsa malamin makaranta, ya danganta. Ya je har ofishin jami'ar, ya danganta. Abin da za ka biya an rubuta shi ɓaro-ɓaro, abin da za ka samu kuwa kowa sai ya kalli rufi. Shi fa ba ya cinikin biri a sama. Mako biyu cur, safe da yamma, yana yi wa Auta mita ta yi karatun akanta, aikin da ake sanin albashinsa tun kafin a zauna a kujera.

Ana gobe za a rufe cike takardar zaɓen fannin karatu, sai ga Mai Taswira da tsohuwar motarta, matar da ke sayen dashe a wurinsa, wadda ta yi irin karatun. Ta zo ɗaukar ɗari biyu na harabar wani asibiti, ta kuwa taya kamar ba ta san Allah ba.

"Ranki ya daɗe, nawa ake samu a aikin nan naku? Don girman Allah kar ki ce ya danganta."

Ta yi dariya. "Shekara uku na farko, mai gadin ofishinmu ya fi ni. Yanzu kuwa wata in ci nama, wata in ci haƙuri."

Ta shimfiɗa taswirar asibitin a kan mota, ta nuna masa wani gyara da fensir.

"Aikin 'yarka ne, wancan zuwan. Na jera bishiyoyi a kan hanyar ruwa, ita ta hango. Ni da digiri biyu!"

Ya daɗe yana kallon layin fensirin. Ya sake lissafi, dubu tara dai ya fito, ko ɗaya bai ragu ba. Ya yi tsaki, ya rufe wurin tun la'asar, ya biya wajen dillali ya ce a nemo mai sayen ɓangaren rijiyar.

A gida ya tarar da Auta tana shanya.

"Ke, je ki cike abin bishiyar taki kafin in canja shawara."

Ba ta juyo ba. "Na tura tun da safe, Baba. Akanta na zaɓa. In an tura ba a canjawa."

"Wa ya sa ki?"

"Ai kai ka fi ni gaskiya. Na yi lissafin da kaina."

Ya buɗe baki zai yi faɗa, ya rasa wanda zai yi wa.